Ƙwallon jami'o'in Amurka: mai lamba ɗaya ba ya komawa gida da kofi

Ranar 16 ga watan Disamba na shekarar 2024, a garin Cary na jahar Karolina ta Arewa, ƴan wasan jami'ar Vermont suka doke na jami'ar Marshall da ci 2 da 1 cikin ƙarin lokaci, suka ɗauki kofin ƙwallon ƙafa na jami'o'in ƙasar Amurka. Lokacin da aka raba lambobin girma ga ƙungiyoyi 16 da ake zaton ɗaya daga cikinsu ce za ta yi nasara, ko tunawa da Vermont ba a yi ba. Bayan shekara ɗaya, a 2025, sai ga Vermont ɗin nan ta shiga gasar ita ce mai lamba ɗaya, ba wanda ya doke ta duk tsawon kakar wasa, amma a karawarta ta farko jami'ar Hofstra ta kore ta har gida. Kofin kuwa jami'ar Washington ce ta tafi da shi, ita ma ba ta da lamba.

Masu karatu, mun san a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai in ana zancen balo, zancen Madrid ne da Barsalona da ƙungiyoyin Ingila. A gidan rediyo ma da wuya a kira mu a tambaye mu wani abu bayan su, sai fa in Mena ce ke wasa. Amma wannan gasa ta ɗalibai ta cancanci mu leƙa ta, saboda yaran Afirka ta Yamma da dama sun bi ta nan suka samu karatu da sana'a, kuma saboda yadda take kunyata masu hasashe kowace shekara.

Kalma ɗaya za mu fara gyarawa. A nan ƙasar mu in an ce kwaleji, makarantar da yaro ke shiga ce bayan firamare, kafin lise. A Amurka kuwa kwaleji jami'a ce, sai mai shaidar da ta yi daidai da bakaloriya ke shiga. Saboda haka ƴan wasan da muke magana a kansu samari ne ƴan shekara 18 zuwa sama, da safe suna aji, da marece suna fili.

Hukumar da ke riƙe da wasannin jami'o'i ana ce mata NCAA. Ta raba jami'o'in aji uku, kuma a aji na ɗaya kaɗai akwai ƙungiyoyin maza fiye da 200. Kowace jami'a tana cikin wata haɗaka, ita da maƙwabtanta ko takwarorinta, kamar ACC ko Big Ten ko Sun Belt. Kakar 2025, kamar waɗanda suka gabace ta, ta fara ne ƙarshen watan Ogusta, aka gama wasannin share fage farkon Nuwamba, aka ɗaga kofi tsakiyar Disamba. Ƙungiyoyi 48 ne ke shiga gasar ƙarshe. Kusan rabi suna samun kujera kai tsaye don sun zama zakarun haɗakarsu, sauran kuma wani kwamiti ne ke zaɓen su. Kwamitin ne kuma ke ware 16 ya ba su lamba. Su waɗannan ba sa buga zagayen farko, kuma suna karɓar baƙi a filinsu. Daga nan sili-ɗaya-ƙwale ne, wanda ya faɗi ya kama hanyar gida, har a samu huɗu da za su haɗu a gari guda don wasan kusa da na ƙarshe da na ƙarshe.

Jeri biyu, ba ɗaya ba

Abin da ke rikita baƙon wannan gasa shi ne jerin gwanayen ba ɗaya ba ne. Akwai wanda jaridu suka fi yayatawa, na ƙungiyar masu horar da ƴan wasa, United Soccer Coaches, wanda ke fitowa kowane mako da sunayen jami'o'i 25. Wannan ƙuri'a ce. Mutane ne ke zama su ce wance ta fi wance. To, mai horon da ke da wasa biyu a mako, ga tafiya a jirgi ko a mota, yaushe ya zauna ya kalli ƙungiyoyi 200? Sakamako yake dubawa, sai kuma suna. Jami'ar da ta saba ɗaukar kofi tana fara shekara a sama ko da rabin ƴan wasanta sun gama karatu sun tafi, ƙarama kuwa sai ta yi wata biyu tana cin wasa kafin a waiwaye ta.

Na biyu shi ne lissafin da ake kira RPI, kuma shi kwamitin zaɓe ya fi dubawa. Asalin lissafin mai sauƙi ne: kashi 25 cikin 100 sakamakon ƙungiyar kanta ne, kashi 50 sakamakon waɗanda ta kara da su, sauran kashi 25 kuma sakamakon waɗanda abokan karawarta suka kara da su. Ku duba da kyau. Kashi uku cikin huɗu na makin ƙungiya ba a ƙafar ƴan wasanta yake ba, yana ga ƙarfin waɗanda ta zaɓa ta buga da su. Shi ya sa mai horo mai wayo tun kafin a taɓa ƙwallo yake fara neman kujera, lokacin da yake tsara jadawalin wasanni. Wanda ya cika jadawalinsa da raunana zai yi ta ci 4 da 5, jama'ar gari na tafi, ranar rabon kujeru kuma a bar shi a ƙofa. Shi ya sa kuma jami'o'in haɗakar ACC, da yake manya ne suna gogayya da juna, suke kwashe kujeru da yawa. Ko an doke su, makin abokan hamayya yana ɗaga su.

A ganinmu lissafin ba ƙarya yake yi ba. Yana faɗin wanda ya fi ƙoƙari daga Satumba zuwa Oktoba. Abin da ba ya iya faɗi shi ne wanda zai tsaya da ƙafafunsa wasa biyar ko shida a jere cikin sanyin Nuwamba da Disamba.

Rabon da mai lamba ɗaya ya ɗauki kofin maza tun shekarar 2011, lokacin da jami'ar North Carolina ta yi. Daga 2012 zuwa 2025, gasa 14 ke nan, kowane mai lamba ɗaya a hanya ya kwana. A 2012 Indiana mai lamba 16 ce ta fitar da Notre Dame mai lamba ɗaya, ta kuma je ta ɗauki kofin. A 2014 Virginia, ita ma mai lamba 16, ta sake yi ma Notre Dame irin wannan aika-aikar. Wadda har yanzu ake ba da labarinta ita ce ta 2016: Maryland ta zo ba a taɓa doke ta ba, tana gida, tana gaban Providence da ci 4 da 1 bayan hutun rabin lokaci, aka tashi 5 da 4, Providence ce da nasara. A 2022 Pittsburgh ta fitar da Kentucky. A 2023 Stanford ta zuba ma Marshall 3 da nema. A 2024 Ohio State ta kai wasan kusa da na ƙarshe, Marshall ta tare ta da ci ɗaya.

Mu da muka saba kallon kokowar takobi ba za mu yi mamaki sosai ba. Sau nawa makaɗa suka kwana suna wasa ɗan kokowa, jaha gaba ɗaya ta sa rai, wani yaro da ba a san sunansa ba ya sa gwiwarsa ƙasa cikin ƙiftawar ido? Ƙwallon ƙafa wasa ne da ba a cika zura ƙwallaye da yawa ba. Ƙungiyar da ta fi rauni, in ta iya tsare gida, tana da mai tsaron raga nagari da ɗan gaba ɗaya mai gudu, tana iya riƙe babba minti 90. Ga kuma dokar da aka maido a 2024, wadda ta ce a ƙarin lokaci duk wanda ya fara zura ƙwallo an tashi. Da ita Vermont ta ci kofi a 2024, da ita Washington ta doke NC State 3 da 2 a 2025. Kuskure ɗaya na mai tsaron baya ya isa ya shafe aikin wata huɗu.

Akwai kuma gajiya. Wasa 17 zuwa 20 cikin makwanni kusan 11, sau da yawa biyu a mako, ga darasi ga jarrabawa. Ƙungiyar da ta haska a Satumba takan iso Nuwamba rabin gwanayenta na ɗingishi. Sasho Cirovski, wanda ya karɓi Maryland a 1993 ya ci mata kofi a 2005 da 2008 da 2018, ya shafe shekaru yana neman a shimfiɗa kakar ta ratsa shekarar karatu gaba ɗaya, a huta lokacin sanyi, a ɗaga kofi bayan ya wuce. A 2025 wani kwamiti da hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta kafa ya ba da shawara irin wannan. Wasu dokokin ma an riga an taɓa su: da can ɗan wasa yakan fita ya huta ya sake dawowa, abin da ya sa wasan ya zama gudu da turereniya, amma daga 2024 aka taƙaita sauye-sauyen a aji na ɗaya na maza.

Mai horo shi ne gidan

A ƙungiyoyin ƙwararru mai horo baƙo ne, wasa biyar ba nasara an nuna masa ƙofa. A jami'a ɗan wasa ne baƙo. Shekara huɗu yake da ita, wani ma ɗaya ko biyu ya wuce. Mai horo ne ke zama, shi ke zuwa gidan iyaye neman yaro, shi ke raba kuɗin tallafin karatu, shi ke bin sawun makin jarrabawa, don ɗalibin da makinsa ya faɗi ba ya sa riga. Saboda haka in aka ce jami'a kaza tana da tarihi, galibi tarihin mutum ɗaya ne ko biyu.

Jerry Yeagley ya ci ma Indiana kofi shida. Ɗansa Todd ya ƙara ɗaya a 2012, kuma jimillar na jami'ar takwas ne. Bruce Arena ya ci biyar da Virginia, huɗu daga ciki a jere daga 1991 zuwa 1994, kafin ya je ya kai ƙungiyar ƙasar Amurka zagayen ƙungiyoyi takwas na cin kofin duniya a 2002. Jeremy Gunn ya ci uku a jere da Stanford daga 2015 zuwa 2017. Shi kuwa Jamie Clark da ya kai Washington ga kofinta na farko a 2025, ɗan Bobby Clark ne, tsohon mai tsaron ragar Aberdeen ta Sukotilan, wanda ya ci kofin da Notre Dame a 2013. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Saint Louis ce ke da mafi yawa, kofi 10, ciki har da na farko a 1959, sai dai rabonta da shi tun 1973.

Amma wanda ya sauya fasalin gasar a ƴan shekarun nan, a namu ganin, Chris Grassie ne, mutumin Ingila da ke horar da Marshall, wata jami'a a garin Huntington na jahar Bajiniya ta Yamma. Ya gane cewa haziƙan yaran Amurka ba za su bar Stanford ko Indiana su zo wurinsa ba, mafi gwanintarsu ma kai tsaye ƙungiyoyin ƙwararru na MLS ke ɗauke su. Sai ya juya waje. Ya nemo samari daga Birazil da Jamus da Ingila da sauran ƙasashe, waɗanda suka taso a makarantun manyan ƙungiyoyi amma ba su samu kwantaragi ba, wasu sun ba shekara 20 baya, sun san wasa, suna kuma son digiri. A gasar 2020, wadda annobar korona ta tura zuwa watan Mayu na 2021, Marshall ba ta da lamba. Ta fitar da Clemson mai lamba ɗaya a bugun fenariti, ta fitar da Georgetown mai riƙe da kofi, ta doke North Carolina, ta gama da Indiana 1 da nema a ƙarin lokaci. Ɗan Ingila Jamil Roberts ne ya ci ƙwallon nasara a wasanni ukun ƙarshe.

Gani ga wane, sai wasu suka bi. A wasan ƙarshe na 2024 mafi yawan waɗanda suka fara wasa a ɓangarorin biyu ba a Amurka suka taso ba, kuma ƙwallaye ukun da aka ci duk samarin da suka zo daga Turai ne suka zura su: Tarik Pannholzer ya fara ci ma Marshall, Marcell Papp ya rama saura kamar minti 10 a tashi, Maximilian Kissel ya rufe. Iyaye da yawa a Amurka sun yi gunaguni, suna cewa ana cika jami'o'insu da baƙi ƴaƴansu na zaune a benci. Mai horon da aikinsa ya rataya ga sakamako kuwa ba ya jin wannan kira.

Ƙari a kan haka, tun 2021 ɗan wasa na iya sauya jami'a ya ci gaba da wasa ba tare da zaman jiran shekara ba. Ƙungiya takan sauya kama cikin hutu ɗaya. Masu jefa ƙuri'ar watan Ogusta kuwa ƙungiyar bara suka sani. Syracuse ta Ian McIntyre ta fara kakar 2022 ba ta cikin jerin 25, ta ƙare ta da kofi bayan ta doke Indiana 7 da 6 a bugun fenariti.

Sawun Afirka

Neman ƴan wasa daga waje ba Grassie ya fara shi ba, kuma Afirka na cikin tun farko. Jami'ar Howard ta birnin Washinton, wadda tarihinta na baƙar fata ne, ta ci kofi a 1971 da samari daga Afirka da tsibiran Karibiyan ƙarƙashin Lincoln Phillips. Hukumar ta ƙwace kofin bisa zargin wasu ƴan wasan ba su cika sharaɗi ba. Howard ta dawo a 1974 ta ci wasanninta 19 duka, ta ɗauki kofin da ba wanda ya iya taɓawa. A shekarun 1970 ɗin nan kuma I. M. Ibrahim ya gina Clemson da ƴan Nijeriya da dama.

A zamanin nan babbar hanyar ta bi ta Gana, ta makarantar Right to Dream, wadda ke tura yara makarantun sakandare na Amurka, daga nan su wuce jami'a. Ta nan Abu Danladi ya bi ya je UCLA, ya zama wanda aka fara zaɓa a rabon sabbin ƴan wasa na MLS a 2017. Ta nan kuma maƙwabcinmu Ousseni Bouda na Burkina Faso ya bi ya je Stanford, ƙungiyar San Jose ta ɗauke shi a 2022, ya kuma sa rigar ƙasarsa. A 2023 kyautar Hermann, wadda ake ba ɗan wasan jami'a da ya fi kowa, ta maza Ousmane Sylla ɗan Dakar ne ya karɓe ta, bayan ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe da Clemson ta doke Notre Dame 2 da 1. Ta mata kuwa Echegini ce ta Florida State, wadda a watan Yuli na 2025 ta ci ma Nijeriya ƙwallon da ya ba ta kofin Afirka na mata a gaban Maroko. Randy Waldrum ma da ya jagoranci matan Nijeriya a gasar duniya ta 2023, a lokacin mai horon jami'ar Pittsburgh ne.

Ga samarinmu da ke mafarkin wannan hanya, gara a faɗa masu yadda take. Ƙafa kaɗai ba ta kai mutum. Sai da bakaloriya, da Turancin Ingilishi, da takardun da hukumar NCAA za ta tantance, har da binciken ko yaro ya taɓa wasa a matsayin ƙwararre. Tallafin karatun ma ba yawa gare shi ba. Har zuwa 2025 ƙungiyar maza ba ta wuce kwatankwacin cikakken tallafi 9,9 da ake gutsuttsura ma ƴan wasa kusan 30. Sulhun da kotu ta amince da shi a watan Yuni na 2025 ya cire wannan iyaka ga jami'o'in da suka shiga tsarin, amma ya ƙayyade ƴan wasa 28. Sannan ga maganar biza: a watan Disamba na 2025 gwamnatin Amurka ta sa Nijar da Mali da Burkina Faso cikin ƙasashen da ta hana ƴaƴansu shiga daga 1 ga Janairu na 2026, ta kuma taƙaita bizar ɗalibai ga Nijeriya da Senegal. Duk wanda ya tare ku a tasha yana cewa ku kawo kuɗi ya samo maku gurbin wasa a jami'ar Amurka, ku tambaye shi ta wace ƙofa.

Wa za a sa ma ido?

In watan Nuwamba ya zo aka fitar da jadawalin 48, mu dai ba lambar farko za mu fara dubawa ba. Za mu duba wadda ta ci wasa a waje a gaban manya, don Vermont a 2024 da Washington a 2025 duk a filayen mutane suka yi yawancin aikinsu. Za mu duba shekarun masu tsaron baya da mai tsaron raga. Maryland ta 2018, mai lamba 11, ba a zura mata ƙwallo ko ɗaya ba duk gasar. Za mu duba kuma mai horon da ya taɓa kaiwa wasan ƙarshe, ko da faɗuwa ya yi. Jamie Clark ya sha kashi a hannun Clemson 2 da nema a 2021 kafin ya dawo bayan shekara huɗu. Mike Noonan na Clemson ya faɗi a na 2015 kafin ya ci na 2021 da 2023.

Da wannan ma'auni Clemson da Marshall da Washington da Maryland ba a cire su daga lissafi ko ina jeri ya ajiye su, haka duk wadda ta fito da rai daga haɗakar ACC. Wadda ta fi ba mu tausayi ita ce Indiana. Daga 1987 zuwa 2025 ba shekarar da ba ta shiga gasar ba. Ta kai wasan ƙarshe a 2017 da Mayu na 2021 da 2022, ta faɗi sau biyu a ƙarin lokaci, sau ɗaya a bugun fenariti, kuma tun 2012 magoya bayanta ke jiran tauraro na tara.